Babur mai bugu biyu yana cin fulogi yana tari: rage man 2T ne maganinsa?

Tambaya: Ina da babur ɗin daji 250cc mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa masa man 2T da fetur a jarka kafin a zuba a tanki. Ina haɗawa 32:1, wato awo 32 na fetur da awo 1 na man 2T. Kwanan nan ya fara cin fulogi, baƙin mai yana ɗiga daga bakin salansa, kuma in na murɗa totur daga ƙasa sai ya yi ta tari kafin ya buɗe. Wani lokacin in ya yi zafi na saki totur, sai silo ya maƙale a sama ya jima kafin ya sauko. An ba ni shawara in koma 50:1 wai man ne ya yi yawa. In koma?

Amsa:

Ɗan'uwa, dakata da wannan shawarar tukuna. Wanda ya ba ka ita ya ga hayaƙi da baƙin mai, sai ya ɗora laifin a kan abin da ya fi kusa da ido, amma ba can matsalar take ba. Gauraye iri biyu ne ke shiga wannan injin, kowanne da aikinsa. Na farko shi ne man 2T da fetur, wanda kai kake aunawa da hannunka. Aikinsa ya jiƙa fistin da ringi da boris ɗin karanshaf don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Na biyu shi ne fetur da iska, wanda kafireta take aunawa, kuma shi ne yake yanke ko wutar cikin silinda za ta ci sosai ko za ta ci rabi da rabi. Tarin da kake ji, da cin fulogi, da silon da ke maƙalewa, kusan dukkansu daga na biyun suke fitowa.

Mu yi lissafin a fili. A 32:1, lita 5 ta fetur tana ɗaukar mililita 156 na man 2T. A 40:1 mililita 125, a 50:1 mililita 100. Duk abin da ke cikin tanki, fetur da man 2T, ta hanya ɗaya yake bi, wato ramin jet, ɗan ramin da kafireta ke auna fetur da shi. A 32:1 kusan kashi 3 cikin 100 na ruwan da ke bi ta ramin man 2T ne, a 50:1 kuwa kusan kashi 2 ne. Gurbin da man ya bari fetur ne zai cike shi. Ka ga ke nan in ka koma 50:1, ka ƙara wa injin fetur ne kaɗan, alhali tarin da yake yi alama ce ta fetur ya riga ya yi masa yawa. A lokaci guda kuma ka zabge masa fiye da kashi ɗaya cikin uku na man da ke kare fistin da boris. Hayaƙin zai iya raguwa kaɗan har ka ɗauka an dace, amma ciwon yana nan, kariyar ce kawai ta ragu.

Ban ce 50:1 aibu ba ne. Akwai injinan da kamfaninsu ya rubuta ƙasa da haka ma: littafin wasu manyan injinan KTM masu kafireta ya ce 60:1, na Yamaha YZ250 kuwa ya ce 30:1. Kowanne da irin man da aka gwada shi da shi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba da awon man 2T ake saita tafiyar inji ba. Ka duba littafin babur ɗinka da jikin kwalbar man, ka zaɓi awo ɗaya, ka tsaya a kansa, sannan ka saita kafireta a kan wannan awon. 32:1 ɗin da kake kai ba shi da laifi ga 250 da ake murɗawa sosai. Man ya kasance na babur mai bugu biyu, in son samu ne mai ɗauke da alamar JASO FD ko FC. Wanda aka rubuta wa TC-W3 na injin kwale-kwale ne, an yi shi don injin da ba ya ɗaukar zafi irin na babur ɗin tsere. Ka auna da kofi mai zane, ka girgiza a jarka sosai, ba a cikin tanki ake haɗawa da ƙiyasin ido ba.

A cikin duk abin da ka lissafa, silon nan da ke maƙalewa a sama shi ya fi tsaya mini a rai, kuma a kansa zan fi daɗewa. Dalili kuwa, ya saɓa wa sauran alamomin. Tari da hayaƙi da jiƙaƙƙen fulogi suna cewa fetur ko mai ya yi yawa. Silo mai maƙalewa yana cewa akasin haka: iska ta rinjayi fetur. Idan inji ɗaya ya nuna maka alamun biyu a tare, to da wuya a ce girman jet ne kawai. Ana zargin wani abu ya lalace, kuma kafin a gano shi duk canjin jet da ka yi aikin banza ne.

Ka fara da mai sauƙi. Inji a kashe, ka cire soson iska ka leƙa cikin kafireta, ka murɗa totur ka saki. Silaid ɗin, wato ƙarfen da totur ke ɗagawa ya buɗe wa iska hanya, ya kamata ya faɗo har ƙasa ka ji ƙarar bugunsa, ƙwas. Ka juya kan babur dama da hagu ka sake gwadawa. In wayar totur ta tsufa ko an bi da ita ta inda take maƙalewa, ita kaɗai ta isa ta riƙe silo a sama. In silaid yana faɗowa lafiya, to sai mu koma neman inda iska ke satar hanya.

Inji mai bugu biyu ba kamar mai bugu huɗu ba ne. Gaurayen fetur da iska yana fara shiga ɗakin karanshaf ne, fistin ya matse shi a can, sannan ya haura silinda. Saboda haka dole ɗakin nan ya kasance a rufe ruf. Abin da ke rufe shi a gefe biyu shi ne sil ɗin karanshaf, kuma kowanne in ya mutu da irin ta'asar da yake yi. Na ɓangaren wuta, inda maganadisu da koyil suke, bayansa iska ce kawai, don haka in ya saki sai inji ya riƙa zuƙar iskar da kafireta ba ta san da ita ba. Daga nan silo ke maƙalewa, inji ya riƙa zafi, wani lokaci ya tashi da kansa ba ka taɓa totur ba. Na ɓangaren kuloci kuwa bayansa man giya ne. In ya saki sai inji ya riƙa shan man giya yana ƙonawa: hayaƙi mai kauri wanda ba ya raguwa ko inji ya yi zafi, wari daban da na man 2T, fulogi yana fitowa sharkaf, salansa tana zubar da baƙin mai. Sil ɗin biyu shekarunsu ɗaya, aikinsu ɗaya, ba abin mamaki ba ne su gaji tare, musamman in boris ɗin karanshaf ya fara wasa. Ka duba yadda wannan ya yi daidai da abin da ka kwatanta.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa. Ka juye man giya, ka zuba sabo daidai awon da aka rubuta, ka yi hawa na ɗan lokaci, ka sake juyewa a kofin awo. In ya ragu a fili kuma babu ɗigo a ƙasa, injin ne ke shanye shi. Sannan ka buɗe murfin ɓangaren wuta. Wurin ya kamata ya kasance busasshe. In ka ga danshin mai ya taru a ƙasan murfin ko a bayan maganadisu, sil ɗin ya tafi. Ka kama maganadisun da hannu ka jijjiga shi sama da ƙasa. Bai kamata ka ji motsi ko kaɗan ba. In ka ji ɗan ƙwas-ƙwas a tafin hannunka, boris ne, kuma sabon sil ba zai daɗe a kan sandar da ke rawa ba.

Ka duba robar da ke haɗa kafireta da inji ita ma. Kada ka tsaya kallonta kawai, ka lanƙwasa ta da yatsa a wurin haske, domin tsagar tana ɓoyewa a cikin lanƙwasar, sai an matsa take buɗe baki. Gaskit ɗin gindin silinda da na akwatin rid, wanda ke tsakanin kafireta da inji, su ma hanyoyin satar iska ne. Gwajin da ke raba gardama shi ne na matsin iska: a toshe bakin fitar hayaƙi da bakin kafireta, a hura iska kamar psi 5 zuwa 6 a cikin injin, a sa ido a kan agogon awon matsin na minti 5. In allurar ta tsaya cak, injin a rufe yake. In tana sauka, a shafa ruwan sabulu a mahaɗai, inda kumfa ya taso nan ne. Kada a wuce wannan matsin da yawa, don ana iya tura lafiyayyen sil daga mazauninsa.

Na nace a kan wannan ne saboda iskar sata ita ce ke kashe irin waɗannan injina. Iskar da ta shiga ta bayan kafireta ba ta ɗauke da fetur mai sanyaya fistin, ba ta ɗauke da man da zai jiƙa shi. Fistin yakan yi zafi ya kumbura, galibi ta ɓangaren da hayaƙi ke fita, ya goge jikin silinda har ya cije. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake rufe wannan ciwo: a ga inji yana neman fetur sai a sa masa manyan jet, ya zama a wani wuri yana shaƙewa da fetur, a wani wuri yana ƙishirwa. In babur ɗin na hannu ka saya, ka cire jet ɗin ka karanta lambobin da ke jikinsu ka gwada da na littafi, za su ba ka labarin abin da mai shi na baya ya yi ta fama da shi.

In injin ya ci wannan jarrabawa, sai ƙananan abubuwa, kuma ba sa ɗaukar lokaci. Fetur ɗin da ya kwana watanni a tanki ka zubar, musamman mai gaurayen etanol da ke jan ruwa. Soson iska in ya toshe da ƙura, ko an cika masa mai har yana ɗiga, yana hana iska shiga ya sa fetur ya yi yawa. Cok in robar bakinsa ta taurare bai rufe sosai ba, to kullum da ɗan cok kake tafiya. Siririn tiyon murfin tanki in ya toshe, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu kamar mai ya ƙare. Rid, wato siraran ganyayen da ke tsakanin kafireta da inji, ka ɗaga akwatinsu ga haske: in gefensu ya gutsure ko haske na ratsa ƙarƙashinsu, tashi zai yi wuya, ƙasan totur kuma zai yi ta tari. Audugar cikin salansa in ta jiƙe da mai za ta ci gaba da zubar da baƙin ruwa ko da ka gyara komai, sai ka canza ta. Ringin da ya cinye ma yana rage matsi, wuta ta yi rauni, inji ya riƙa nuna alamun yawan fetur alhali tsufa ne ke damunsa.

Fulot kuwa, wato abin da ke yawo a kan fetur a kwanon kafireta yana tsayar da shigowarsa in ya cika, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi ne ma'aunin da duk jet ɗin ke dogara da shi. In ruwan fetur a kwanon kafireta ya hau sama da ƙa'ida, ko ƙaramar allurar da ke tsayar da shi ta yi zobe a bakinta, kowane mataki na totur zai sami fetur fiye da kima. Alamarsa fetur na ɗiga daga tiyon ƙasan kafireta in an jingine babur. Ka auna tsayinsa da awon littafi. Ka wanke silo jet, wato ƙaramin jet mai ba da fetur a ƙasan totur, ka ɗaga shi ga haske ka ga ramin ya fito zagayayye tas. Ramin ƙarami ne ƙwarai, ɗan datti ya isa ya rage shi, kuma silo jet da ya toshe rabi shi ma yana sa silo ya maƙale. Da iska da ruwan wanke kafireta ake buɗe shi, kada a zura masa waya mai tauri, tagulla ce, tana faɗaɗa.

Yanzu ne aka zo saitin kafireta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kafireta ba ta san gudun babur ko giyar da kake ciki ba, iyakar abin da ta sani shi ne yawan buɗewar totur. Daga rufe zuwa kusan kwata, silo jet da sukurun iska ne ke aiki. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke rataye a jikin silaid ce. Daga nan zuwa ƙarshe, babban jet. Haka abin yake a kafiretocin kamfanin Keihin da na Mikuni duka. Ka manna salatif a jikin mariƙin totur ka zana alamar kwata, rabi, uku cikin huɗu da ƙarshe, don ka san takamaiman inda tarin yake, ba ƙiyasi ba.

Sannan ka koyi bambance kukan biyu da kunne. In fetur ya yi yawa, inji yana ɓarɓarwa ne, bur-bur-bur, yana tsallake bugu, hayaƙi na biyo baya, daga baya ya washe ya zabura. In fetur ya yi kaɗan, sai ka ji wani kuka mai rami, buuu, kamar numfashi ya ɗauke masa, babur ya dusashe kafin ya kama. In kunne ya rikice, cok zai raba maka: ka ɗaga shi kaɗan a daidai inda matsalar take. In ya gyaru, ƙarancin fetur ne. In ya ƙara lalacewa, yawa ne.

Ka fara daga ƙasa. Inji ya yi zafi sosai tukuna, don saitin da aka yi a kan inji mai sanyi ba ya tsayawa. Ka ɗaure sukurun iska a hankali har ya taɓa ƙarshe, kada ka matse, sannan ka kwance zagaye ɗaya da rabi. Kwancewa na ƙara iska, ɗaurewa na rage ta. Ka riƙa juyawa kwata-kwata kana jiran 'yan daƙiƙu, kana neman inda silo ya fi ɗagawa kuma totur ya fi amsawa da tsafta. In wurin ya faɗa tsakanin zagaye 1 da 2, silo jet ɗinka daidai ne. In sai ka wuce zagaye 2 da rabi, jet ɗin ya yi girma, ka sauka lamba ɗaya. In sai ka ɗaure ƙasa da zagaye 1, ya yi ƙanƙanta. A irin tarin da ka kwatanta na ƙasan totur, in babu lalacewa a inji, yawanci nan ake samun maganin, domin mai hawan daji yana shafe mafi yawan lokacinsa a wannan yanki, kuma nan ne fulogi ke mutuwa.

Allura tana da tsagogi a samanta inda ƙaramin kilif ke zama. In ka mayar da kilif tsagar sama, allura ta sauka, fetur ya ragu. In ka mayar da shi ƙasa, allura ta ɗaga, fetur ya ƙaru. Tsaga ɗaya a lokaci guda. Ka duba jikin allurar ma, in ta yi ƙyalli ta sirance a tsakiya saboda guga, tana sakin fetur fiye da lambar da ke kanta.

Babban jet shi nake so ka fi yi wa taka-tsantsan, don kuskure a can ne yake narka fistin. Kullum daga babba ake saukowa, lamba ɗaya-ɗaya, har ɓarɓarwar ƙarshen totur ta ɗauke, sai a tsaya. In ka ji wata ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da inji ke jan nauyi, ka saki totur nan take. Fetur ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba, ko don ya yi kaɗan, ko don ingancinsa bai kai matsin injin ba. Ka koma babban jet ɗin da ka cire kafin ka ci gaba da bincike. A duk wannan aiki, abu ɗaya ake canzawa a gwada, a rubuta a takarda. Wanda ya canza jet da allura da fulogi a zama ɗaya, ko babur ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba.

Yanayi ma yana da hannu, kuma tunda ka ce kwanan nan abin ya fara, ka tuna ko wani abu ya sauya. Iska mai zafi, ko mai laima, ko ta kan tudu, ba ta da kauri, don haka jet ɗin da ya dace jiya zai ba da fetur fiye da kima yau. Hawan mita 1,000 yana rage kaurin iska da kusan kashi 10 cikin 100. Sanyi kuwa akasin haka yake yi, shi ya sa saitin da aka matse a lokacin zafi yake zama haɗari in gari ya yi sanyi.

Game da fulogi, kada ka nemi mafita ta sa mai zafi. A lambobin fulogin kamfanin NGK, ƙaramar lamba ita ce mai zafi, wato 8 ta fi 9 zafi. Ka tsaya a lambar da littafi ya ce, da tazarar bakin da ya ce. Launin da ake so a farar tangaran ɗin shi ne ruwan ƙasa mai haske, a bushe. Baƙi mai danshi yawan fetur ne ko mai, fari fat ko mai ɗigo-ɗigon ƙarfe kuwa alamar zafi ce mai tsanani. Amma launin yana ba da labarin inda totur ya fi daɗewa ne kawai, don haka fulogin da aka cire bayan dogon silo ba ya gaya maka komai game da babban jet. Ka duba hular fulogi da wayar kashe inji, wuta mai rauni tana jiƙa fulogi kamar yadda yawan fetur ke yi.

Yadda ake hawa ma yana taka rawa. Injin tsere an gina shi ne ya yi aiki da zafi. In kullum a ƙasan totur kake lallaɓa shi, ko kana barinsa yana silo na tsawon lokaci, bututun hayaƙi ba zai yi zafin da zai ƙone ragowar man ba, sai ya taru ya ɗigo ko da saitin yana kusa da daidai. Ka bar shi ya ɗumama, sannan ka riƙa buɗe masa lokaci-lokaci ya share kansa. A doguwar gangara kuma, in totur na rufe inji na juyawa da sauri, man da ke isa fistin kaɗan ne ƙwarai, don haka ka kama kuloci ka riƙa ɗan murɗa totur.

Kafin ka sake hawa mai nisa, ka yi awon man giyar nan ka buɗe murfin ɓangaren wuta. In ɗayansu ya nuna sil ya saki, ka ajiye babur ɗin har a canza su duka biyun, a duba boris ɗin karanshaf a lokaci guda, sannan a mayar da jet ɗin kan lambobin littafi a fara saiti daga can da 32:1 ɗinka.